Kada Ka Bi Kawu a Kan Tudu

Zuwa ga ƙanena, Malam To,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ’yar’uwa mai kewar ɗan’uwanta, tare da addu’ar Allah Ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da Inna. Yaya aiki, yaya ɗawainiya da mai jiki? Allah Ya saka muku da alheri, Ya ba ku ’ya’yan da za su kula da ku fiye da yadda kuka kula da ita. Mu nan duk lafiya lau muke. Maigidana ya warke daga ciwon bayan da ya dame shi, ya koma aiki. Ƙanwarmu Auta tana nan da ɗinkinta, shagon ya cika da yadudduka har ba wurin zama. Ni kuma makaranta ta koma, an ba ni ’yan aji na ƙarshe, masu tambaya kamar an biya su.

Ba zan iya kwatanta maka farin cikin da muka yi ba ranar da ka kira ka ce an cire wa Inna yanar idon, kuma tana gani. Auta ta zauna a kan keken ɗinki ta yi ta kuka, ni kuma na rasa abin yi sai na hau share tsakar gidan da na riga na share. Da aka ba ni Inna a waya, abu na farko da ta gaya mini shi ne ashe matarka ta fi ka kyau nesa ba kusa ba, kuma duk ƙibar da kake cewa ka yi ƙarya ce, har yanzu wuyanka kamar na zakara. A nan na tabbata idon ya buɗe da gaske. Ƙaramar ɗiyata kullum sai ta tambaye ni ko yanzu kaka za ta gane ta ba sai ta shafa fuskarta ba. Ka san tun da aka haife ta, da murya da tafin hannu kawai Inna ta san ta.

To, maganar dawowar Inna ce ta sa na ɗauki biro. Na san za ka ce me ya hana ni kira, ga waya a hannu. Abin da ya hana ni shi ne na san halinka. In na kira, za ka yi ta ce mini to Yaya, to Yaya, har in gama, ni kuma ban san abin da ya shiga da abin da ya zube ba. Ba a banza Inna ta laƙaba maka wannan suna ba. Takarda kuwa za ka ajiye ta, ka sake karantawa a daren tafiya ko da safe kafin ka tayar da mota.

Yadda aka tsara, Kawu zai zo da akori-kurarsa ya kwashi kayan Inna, ita kuma ta shiga motarka, tunda likita ya ce kada a bari ta sha jijjiga. Kawu a gaba, kai a baya, domin shi ya san hanya, kai kuwa tun da ka karɓi lasisi iyakarka gida da wurin aiki da asibiti. Tsarin ya yi, ban ga aibunsa ba sai abu guda. Ka tuna dokar Kawu ta tafiya da mota biyu, wadda muka tashi muka tarar: kada a bar wata mota ta shiga tsakani. In ya tsaya a tsaya, in ya wuce mota a wuce. Marigayi Baba ma haka ya riƙa bin sa kamar an ɗaure motocin da igiya. Dokar tana da dalili a lokacinta, domin an taɓa rabuwa a wata mararraba zamanin da ba waya, aka wuni ana neman juna, Inna tana kuka da kai a goye. Tun daga ranar Kawu ya kafa ta, ba wanda ya sake tambaya. Ina so in ba ka labarin abin da wannan doka ta kusa jawo mana kwanan nan.

Mun yi shawarar canza wa Inna gado kafin ta dawo, saboda tsohon ya lotsa a tsakiya. Kawu ya ce ya san wani kafinta a garin da ke bayan tudun masu fasa dutse, wato a kan hanyar da za ka biyo. Da gadon ya kammala, muka tafi ɗauko shi. Kawu ya shige gaba da akori-kura, mu kuma ni da Auta muna biye a ƙaramar motar maigidana, ita ke tuƙi. Ba mu san shagon ba. Kafin mu tashi Kawu ya leƙo ta taga ya maimaita dokar, ya ƙara da cewa in Auta ta ga ba za ta iya ba ta faɗa tun yanzu, ya ɗora motar tamu a bayan tasa.

Tafiya ta yi daɗi har muka iso gindin tudun. A nan muka cim ma wata tirela cike da buhunan siminti, tana hawa da ƙyar, tana fesa mana baƙin hayaƙi. Layin da aka ja a tsakiyar titi, wanda tun daga gari yake a yayyanke, ya koma miƙaƙƙe ba yankewa. Ga allo a gefen hanya, da’ira mai jan baki da hoton mota biyu kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ja ɗaya baƙa. Kawu ya ɗan leƙa, ya koma, ya sake leƙawa, sai ya sa sigina ya fita hannun masu tahowa. Motarsa ba kaya, sai tashi take. Ya fito da hannu ta taga yana yafuto mu. Na ga hannun Auta ya kai kan sigina. Ni dai na riƙe bakina, domin ihu a kunnen mai tuƙi ba ya ƙara masa ido. Sai na ji ta ce, can ƙasa-ƙasa kamar mai magana da sitiyari, ita fa ba ta ganin bayan tudun nan. Ta janye hannunta, ta ɗaga ƙafa daga totur, muka zauna a bayan tirela.

Ba mu gama zama ba sai ga tankar ruwa ta ɓullo daga saman tudun, tana gangarowa da nauyinta, tana walƙa fitila tana danna hon. Kawu ya kai daidai kan tirelar. Mai tirela ya taka birki har muka ji hucinsa, Kawu ya kutsa gabansa da ƙyar, tankar ta wuce ta gefenmu, iskarta ta girgiza motar. Abin bai ɗauki lokacin da ka ɗauka kana karanta shi ba. Ba wanda ya ji rauni, ko madubi bai karye ba. Amma na dubi wurin da tankar ta bi, na ga daidai inda za mu kasance ke nan da Auta ta amsa kiran hannun Kawu: tirela a gefe guda, ramin gefen titi a ɗaya gefen, tanka a gaba.

Ga abin da nake so ka gane, ƙanena, kuma shi ne zuciyar wannan takarda. Wanda ke gaba, in zai wuce mota, wa kansa yake aunawa. Idonsa ya ga fili, ya ƙiyasta zai ishi mota ɗaya, ya shiga. Kai da ke biye ba hanya kake gani ba, bayan motarsa kake gani. Shi ya tare maka ido. Lokacin da zai koma hannunsa, sai hanya ta buɗe maka farat ɗaya, ka yi ido huɗu da abin da shi ya kauce wa, alhali kana tsakiyar tsawon tirela, ba gaba ba baya. Ko da a wurin da doka ta yarda a wuce ne, ba a bin wutsiyar wani. Kowa da nasa dubawa. Balle a kan tudu, inda shi kansa na gaban caca ya yi.

Bari in ƙarasa maka. Muka bi tirelar nan a hankali har saman tudu, muna shan hayaƙi, Auta ta rufe gilasai. Da muka gangara, hanya ta miƙe, layin ya koma yayyanke, ana hango nesa ba kowa. Ta duba madubi, ta waiga, ta sa sigina, ta wuce ta cikin natsuwa, ba ta koma hannunta ba sai da ta ga kan tirelar gaba ɗaya a madubi. Kawu kuwa ya ɓace. Abin da aka yi shekaru ana tsoro ya faru, an shiga tsakani, an rabu. Ka san abin da ya biyo baya? Mun iso mararraba, Auta ta sauka gefen titi ta tsaya, muka tambayi wata mai sayar da lemo ina shagon kafinta mai yin gadaje, ta nuna mana da baki ba ta ko ajiye wuƙarta ba. Shi ke nan ɓatan.

Mun tarar da Kawu zaune a kan sabon gadon Inna a ƙofar shago, an kawo masa shayi. Yana ganin mu ya fara. Ya ce wai har ya fara shawara da kafinta a tura mana baro ya ɗauko mu. Ya ce gemunsa ya ƙara tsawo yana jira, kuma wanda ya ba Auta lasisi ya kamata ya haɗa mata da matashin kai, tunda barci take a kan hanya. Auta ta durƙusa ta gaishe shi kamar ba ita ba, sannan ta ce mai tirela ya ba ta saƙon gaisuwa ta kawo masa, amma irin gaisuwar da ba a maimaitawa a gaban manya ce. Kafinta ya yi dariya har ƙusoshin da ke bakinsa suka zube. Kawu ma ya yi dariya, ya ce ’yar nema, bakinki ya fi ƙafarki sauri. Sai dai na lura shayin nan har ya huce bai kai shi baki ba. A hanyar dawowa kuma bai wuce ko keke ba. Ya ce saboda gadon ne, kada ya goge.

Da na koma makaranta na ɗauko littafin dokokin hanya da jami’in da ke zuwa yi wa ɗalibanmu bayani ya bar mana, na sake karanta babin wuce mota. Har na zana hanyar a allo, na sa ’yan ajina suka yi ta gardama a kan inda za a wuce da inda ba za a wuce ba. Abin da na fahimta shi ne duk wuraren da aka hana, dalili ɗaya ya haɗa su: ko dai ba ka ganin abin da ke tahowa, ko kuma akwai wanda zai iya shigowa hanyar ba zato. In ka riƙe wannan, ko allon ya faɗi, ko fentin layin ya goge, za ka gane wurin da kanka.

Bari in bi da kai hanyar yadda za ka same ta. Da kun fito daga gari za ku yi ta shan kwana a tsakanin gonaki, inda itatuwa suka rufe gefen titi. Duk kwanar da ba ka ga ƙarshenta ba, zauna a hannunka, ko da abin da ke gabanka tarakta ce mai tafiyar hawainiya. Bayan nan akwai mahaɗar layin dogo. Motoci sukan rage gudu a wurin, sai ka ga kamar dama ce ta samu. Ba dama ba ce, an hana, domin wanda ya fita hannun wani a kan layin dogo in abu ya faru ba shi da wurin komawa. Haka gadar da ke kan kogi: ƙunci gare ta, ƙarfe dama da hagu, in kun haɗu da wani a kai ba gefen da za ka sauka.

Wurin da ya fi ba ni tsoro ma ba tudun ba ne, garin da ke da kasuwa a bakin titi ne. Akwai mararraba a tsakiyarsa, akwai makaranta, akwai zanen tsallakawar masu tafiya a ƙasa. In motar gabanka ta rage gudu ko ta tsaya a irin wannan wuri, kada ka ce direban ya cika sanyin jiki ka zagaye shi. Tambayi kanka me ya gani da kai ba ka gani ba. Sau da yawa tsohuwa ce ke tsallakawa da kaya a kai, ko yaro ya saki hannun yayarsa, ko kuma shi direban zai juya ne ya manta sigina. Ni da nake tsayawa a ƙofar makaranta kullum lokacin tashi, na san yadda yaro ke fitowa daga gaban motar da ta tsaya masa, kansa a ƙasa, yana gudu, ya yarda duk duniya ta tsaya tunda wannan ta tsaya.

Sai tudun masu fasa dutse, wanda kai daga ɗaya gefen za ka hau shi. Manyan motoci sun yi yawa a wurin, kuma wasu direbobinsu mutanen kirki ne, za su kunna maka sigina ko su fito da hannu su ce ka wuce. Ka ɗaga musu hannu ka gode, amma kada ka fita sai idonka ya gani, layin kuma ya ba ka izini. Mai kiran ka bai san ƙarfin motarka ba, bai san sabon hannu ne kai ba, bai san wadda ke kwance a kujerar baya ba. In ruwan sama ya sauko, ko ƙurar dutsen ta rufe hanya, to maganar wucewa ta ƙare gaba ɗaya sai an ga gari. In kuma wani ya fito zai wuce ka, kada ka ƙara wuta, sassauta masa ya shige. Ba tsere kuke ba.

Na san abin da ke ranka yanzu, domin ni na goya ka. Kana cewa duk wannan ka sani, an tambaye ka a wurin gwaji ka amsa. Ban yi musu ba. Ba ilimin nake jin tsoron ka rasa ba. Abin da nake tsoro shi ne lokacin da Kawu zai fito da hannun nan ta taga. Kai mutum ne da tun kana ƙarami babba bai taɓa kiran ka ka tsaya tunani ba, kuma wannan hali ne mai kyau, shi ya sa kowa ke son ka. Amma a kan titi ƙafarka za ta amsa kafin kanka ya amsa. Za ka ji kunyar a ce ka bar Kawu ya yi nisa, ka ji tsoron ɓata da Inna a mota, ka ji nauyin zolayar da za a yi maka in an iso. Zolayar kam za a yi, ka shirya. Auta ta sha tata, ga ta nan da ranta tana ba da labari.

Saboda haka ban tsaya a rubuta maka kawai ba. Na je gidan Kawu da yamma, na same shi yana wanke akori-kurar da kansa, ya naɗe hannun riga. Bayan gaisuwa na ce masa Kawu, zan rubuta wa Malam To takarda, kai za ka kai masa, kuma ga abin da zan ce a ciki. Na gaya masa duka, ban rage ba. Da farko ya hau faɗa. Ya ce wai yau ni zan koya masa tuƙi, shi da ya fara riƙe sitiyari tun ina rarrafe, malaman makaranta dai ba su da aiki sai neman wanda za su sa wa jan biro. Na ce masa ai ba tuƙinsa nake gyarawa ba, na ɗansa nake tsoro, wanda in Kawu ya ce ya shiga rijiya sai ya tambaya da takalmi ko ba takalmi. Ya yi tsaki, ya ci gaba da goge gilashi.

Can sai ya matse tsumman, ya rataye shi a kan madubin gefe, ya tsaya yana kallon madubin. Ya ce ranar nan, da tankar ta wuce, abu na farko da ya yi shi ne duba wannan madubi. Ya ce tun da yake tafiya da motocin gidanmu, kullum in ya duba so yake ya gan mu manne da shi, in bai gani ba ransa ya ɓaci. Ranar ce kaɗai ya duba yana roƙon Allah kada ya gan mu. Da ya ga ba kowa a bayansa sai kan tirela, ya ce bai san lokacin da ya fara hamdala da ƙarfi shi kaɗai a mota ba.

Sannan ya ce in rubuta maka wannan da bakinsa, ga shi na rubuta. In kun rabu a hanya, kada ka neme shi, kada ka ƙara gudu. Zai jira ka a gidan man da ke bayan gada, in kun sake rabuwa kuma a gidan man da ke gangaren tudu. Ya ce ko duk motocin duniya za su shiga tsakaninku, su shiga. Ya ƙara da cewa in ka ga hannunsa ya fito ta taga, iska yake sha, ba da kai yake ba. Amma ya ce in gaya maka zolaya tana nan, wannan bai yafe ba, har ya fara tanadin abin da zai ce.

Gadon yana nan an kafa shi, Auta ta ɗinka sabon labule mai furanni, ta ce tunda yanzu Inna za ta ga kalarsa ba za a sake rataya mata tsohon zane a taga ba. Ƙaramar ɗiyata ta zaɓi rigar da za ta sa, ta ce a bakin ƙofa za ta tsaya ba za ta yi magana ba, ta ga ko kaka za ta gane ta. Ko da rana kuka iso ko da yamma, za ta jira. Mu ma haka.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata ta riƙa sa baƙin tabaran da likita ya ba ta ko da ta ce yana sa ta kama da ɗan daba. Ka gaishe da maiɗakinka da kyau, ka ce mata ba mu da bakin gode mata. Ka gaishe da surukanka, da maƙwabcinka mai gyaran rediyo da ya riƙa kai ku asibiti kafin ka saba da hanya. Maigidana da Auta da yara duk suna gaishe ku. Allah Ya kawo ku lafiya, Ya tsare gabanku da bayanku.

Wannan karon na yarda ka ce to.

Taka har kullum,
Yayarka, Malama.